Shekarar Tsakuwa da Wake

Rannan Nafisa, ɗiyar yayana, ta tarar da ni ina gyaran wata tsohuwar ƙwallon fata. Ta tsaya a kaina ta ce, "Gwaggo, hada basiɗ, ai ɗinki ne kawai. Ba ni in gwada." Na miƙa mata allura biyu da zare. Ba ta yi nisa ba zaren ya yanke ta a ɗan yatsa, ta ajiye, ta ce gara ta roba da ake sayarwa a kantunan Sharafiyya, in ta fashe a jefar a sayi wata. Ban yi mata musu ba. Amma tun ranar nake son in rubuta muku, ita da sauran yaran gidanmu, yadda wannan aiki yake, tun da sauran wanda ya sani.

Mahaifina baduku ne, mutumin Damagaram. Da ƙafa ya zo aikin hajji, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, sai guzurin komawa ya gagara, ya zauna. A Jidda aka haife ni. Shagonsa ɗaki ne a bakin gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon hanya, ɗaya tana kallon tsakar gida, da labulen buhu a kanta. Shi yana ciki da takalma da kube da layu, ni ina bayan labule.

Kabtin Bashir ne ya kawo mana wannan sana'a a cikin buhu. Shi Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan, dogo, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron taka wani abu. A can ya koyi ƙwallo wajen ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Wani attajiri na unguwar Bagdadiyya, wanda yake ɗaukar nauyin ƙungiyar unguwarmu, shi ya tsaya masa kafili, wato mai lamunin zamansa a ƙasar, ya ba shi tsaron sito da safe, da yamma kuma ya horar da samari, abin da ake kira mudarrib. Wata rana ya shigo shagon Baba, ya zazzage wata ƙwallon Turai da ta yage kamar bakin kada, ya ce, "Ya usta, wannan ta mutu. Za ka iya haifa mana irinta?" Usta a nan shi ne gwanin sana'a. Baba ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Fatar saniya ce dai ko? To, saniyar Nasara ba ta fi tamu ba." Ya farke ta falle-falle, ya shimfiɗa kowane falle a kan gwangwanin kananzir da ya buɗe, ya yanke ma'auni. Ma'aunan nan suna cikin akwatina, sun yi tsatsa, har yau da su nake yanka.

Ƙwallon farko da na ɗinka ni kaɗai ta fito kamar gwanda. Ina da shekara goma sha ɗaya, da safe in je karatu wajen malama, da yamma in zauna bayan labule. Na ga ƙirgi a shimfiɗe, na zaɓi wajen ciki don ya fi laushi, basilla tana shiga kamar cikin tuwo. Da aka hura ta, gefe ɗaya ya miƙe, ɗaya ya tsaya. Baba bai yi faɗa ba. Ya gangara ta a tsakar gida, ta tafi tana ɗingishi har ta je ta jingina da randa. Ya ce, "Ɗiyata, saniya da ciki take numfashi. Ko ta mutu, fatar wurin ba ta manta ba." Daga gadon baya ake yankan ƙwallo. Kuma kafin a yanka sai an jiƙa ƙirgin, an rataye shi da duwatsu a ƙasa, ya gama duk miƙewar da zai yi a duniya, don kada ya je ya yi ta a fili.

Kayan aikin ba su da yawa: aska, basilla ta huda rami, allura biyu marasa tsini, zare mai ƙarfi, kakin zuma, da matsi na katako da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. A baibai ake ɗinkin. Allura biyu su bi ta rami ɗaya, wannan daga dama, waccan daga hagu, a ja da hannu biyu har zaren ya yi ƙara. In an gama a juyo ta ta ɗan bakin da aka bari, a cusa robar ciki, a hura, a ɗaure bakin da igiyar fata. Igiyar nan sai an nutsar da ita sosai, in ba haka ba duk wanda ya sa kai zai koma da tsagar da ba ta gidansu ba. Kakin zuma kuwa shi ne ran aikin. Filin da suke wasa ƙasar gishiri ce, kusa da teku, ga raɓar Jidda mai jiƙa tufa a kan igiya. Zaren da bai sha kaki ba, gishiri ya cinye shi kafin wata ya ƙare.

Ban taɓa ganin wasa ba, har yau. Mata ba sa zuwa fili. Abin da nake samu shi ne ihu, in iska ta taso daga teku da la'asar, ya zo ya wuce ta kan rufinmu kamar garken tsuntsaye. Sai kuma ƙwallon in ta dawo gyara. In fatar ta goge ko'ina daidai tana sheƙi, to an yi ta miƙa wa juna a ƙasa, irin wasan da Kabtin yake so. In falle ɗaya ya ƙuje, ɗinki ya buɗe a kusurwa, to an yi ta dukan ta da tsinin takalmi, rai ya ɓaci ke nan. Kabtin yakan tsaya a cikin shago ya ɗaga murya, "Usta ƙarama, me ta ce miki?" In ce daga bayan labule, "Ta ce an ci ku, Kawu." Ya yi dariya ya ce, "Munafuka, ba ta iya riƙe sirri ba."

A shekarar da nake son ba ku labari, kusan kullum haka take ce mini. Duk ƙungiyar da ta zo sai ta ci mu. Gahawar Hamza, inda ake shan shayi, tana kallon shagonmu, can magoya baya suke taruwa, kuma muryar Hamza ba ta buƙatar rediyo. Haifaffen nan ne kamar ni, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya jama'a, wannan mudarrib ne ko liman? Kullum haƙuri, haƙuri, miƙa wa ɗan'uwanka. Mu rabon sadaka muka zo kallo?"

Wani ya karɓe, "Ya kwashi yara ya kai bakin teku, suna gudu cikin rairayi kamar ƙaguwa."

"Mai tsaron gidan nan fa da ya ƙi canjawa? Wallahil azim kakata ta fi shi tsalle, kuma shekararta nawa a maƙabarta."

"Ga ƙwallon baduku," in ji Hamza, yana juyo da fuska wajenmu don kada ta wuce mu. "In ta sha raɓa, kamar ka bugi kan rago."

Baba yana ji. Sai ya ƙara goga wa zare kaki.

A gahawar nan dai, kusa da rediyo, akwai wani benci da ba ruwansa da ƙwallo. Tsofaffi ne na ƙasar Faransa, kamar yadda ake cewa a lokacin: mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa, masu ɗaukar ruwa, masu dako, masu tsire. Baba ma in ya rufe shago can yake zama. Su abin da suke saurare daban ne. Faransa ta ce za ta tambayi ƙasashen da take mulka, kowa ya jefa ƙuri'a: i, a zauna tare da ita, ko a'a, ta tattara ta tafi. Waɗannan mutane, sa'ad da suke gida, ba a taɓa tambayar su ba in kumandan, Baturen mulki, zai ɗauki jakinsu ko ɗansu. Yanzu ga tambaya ta zo, su kuma suna bayan teku. Ofishin Faransa na Jidda a rufe yake tun yaƙin Suwes. Baba ya sa babbar rigarsa ya je duk da haka. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa da akuya a inuwa, ya dawo ya cire rigar ya ninke.

Da yamma sai ya riƙa yi mana zancen Damagaram fiye da yadda ya saba: duwatsun da suke tsakiyar gari kamar giwaye sun durƙusa, warin majema, da yadda jan fatar can take kama hannu. Ni ban san garin ba sai a bakinsa. Ina ɗinki ina gina shi, in ya kai wani lungu ya yi shiru, ni ma ginina ya tsaya nan.

Hamza ne ya haɗa zancen biyu. Ya ce in Faransa da girmanta za ta tsaya a tambayi mutane a kanta, wane ne Bashir? Ya tafi wajen attajirin. Shi kuma ya gaji da ƙorafi, ya ce halas, abin da unguwa ta ce shi ke nan. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. In Kabtin ya bar fili ya bar sito, in ya bar sito ba shi da kafili, sai jirgin Bur Sudan.

Aikin da Hamza ya kawo mana a makon nan, ba a taɓa kawo mana irinsa ba. Yana son abin zuba ƙuri'a wanda ba a iya leƙawa, ba a iya buɗewa a mayar ba a gane ba. Ya ce akwati yana da murfi, tulu yana da faɗin baki, a ɗinka masa ƙwallo. Baba ya ajiye basilla ya ce, "Ni zan ɗinka wa abokina likkafani?" Kabtin yana zaune a kan buhun fata, ya ce, "Ɗinka, ya usta. In za a kore ni, a kore ni da aiki mai kyau." Ya juyo wajen labule. "Usta ƙarama, ki ja zaren sosai. Kada Hamza ya ce na tsere ta wajen ɗinki."

Ni na ɗinka ta. Ban sa mata roba ba, na cusa mata tsumma har ta bushe a kan siffarta, na zare tsumman, na rage bakin ya zama yatsa biyu kawai ke shiga. Ban shafa mata kitse ba, ta yi tauri kamar duma. Hamza ya zaɓi ranar da ake jefa ƙuri'a a gida, can ƙasar su Baba, wai don armashi. Ya yi shela cewa duk namijin unguwa da ya isa azumi yana da baki. Kowa ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya da tsakuwa ɗaya, ya shiga shagon Baba shi kaɗai, ya jefa ɗaya ya sa ɗaya a aljihu. Wake, Kabtin ya zauna. Tsakuwa, ya tafi.

A ƙusar ƙofar ciki aka rataye ƙwallon, don na waje kada su gani. Tsakanina da ita labule ne kawai. Busasshiyar fata kuwa ba ta ɓoye komai. Wake in ya faɗa sai ka ji ɗan tas, tsakuwa kuwa ƙwas.

Bayan la'asar aka fara. 'Yan wasa suka shiga, har waɗanda suke ƙunƙuni a kan gudun rairayi, na ji tas, tas, tas. Mutanen gahawa suka biyo, ƙwas, ƙwas, amma ba duka ba. Wani da na san muryarsa wajen zagin mai tsaron gida, ya daɗe a tsaye yana huci, sannan na ji tas. Inna tana tankaɗe a bayana tana tambaya ta da ido, ni kuma ina gyaɗa mata kai. A kunnena wake ne a gaba. Hamza ma kamar ya ji a jikinsa, don muryarsa ta ragu.

Sai na ji waje ya yi tsit, sannan ƙarar sanduna da jan takalma. Tsofaffin bencin rediyo ne. Sun yi wanka, sun sa rigunan Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, wasu da rawani. A gabansu Ma'azu mai ruwa, Bamaraɗe, wanda yake zaga layinmu da garwa biyu a sanda tun kafin a haife ni. Ko hanyar filin bai sani ba.

Ya ce, "Ina waken, ina dutsen? Wanne ne na a tafi?"

Baba ya tare shi a bakin ƙofa. "Ma'azu, ka san wanda ake kora kuwa?"

"Ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

"Bashir ne fa. Dogon nan da yake ɗaga maka garwa in za ka hau tudu."

"Allah ya yi masa albarka. Baduku, yau a Maraɗi har makafi ana riƙe musu hannu su je su ce wa Nasara ya tafi. Ni ina nan ina zuba wa mutane ruwa a randa. Kauce mini in ce wa wani."

Wani daga baya ya ce, "An ce duk wanda ya isa azumi. Mu mun ma wuce shi."

Hamza ya farfaɗo. "Tafaddal, ya ammi, tafaddal! Ku ba dattawa hanya!"

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi gaggawa. Ina jin kowa ya tsaya, ya gyara riga, ya yi bisimilla. Wani ya ambaci sunan garinsu. Wani ya ambaci wani suna, ina jin na ɗan'uwansa ne da aka tafi da shi aikin dole bai dawo ba. Sannan ƙwas. Ma'azu da ya jefa tasa sai da ya ce, "A sauka lafiya, kumandan." Na daina gyaɗa wa Inna kai. Ita ma ta daina tankaɗe.

Baba ne na ƙarshe. Ya daɗe har na zaci ya fita. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule, ba su motsa ba. Can na ji tas.

Aka ce a yanka ƙwallon da wuƙa. Baba ya ce ba a yanka aikin ɗiyarsa, ya miƙo mini ita na warware ɗinki ɗaya, na mayar. Suka zazzage a kan tabarma. Ba a sha wahalar ƙidaya ba, tulin tsakuwa ya fi. Samari suka fara hayaniya wai a cire na tsofaffi, Kabtin ya ɗaga hannu ya ce, "La, la. An tambayi mutane, sun amsa." Ya tsince waken da hannunsa ya zuba a hula, ya miƙa ta gefen labule ya ce a ba Inna, kada a yi asarar abinci.

Da labarin gida ya iso ta rediyo, cewa aka yi ƙasar ta zaɓi i. Faransa tana nan. Gine ce kaɗai ta ce a'a. Tsofaffin suka zauna a bencinsu shayi yana hucewa a gabansu. Baba ya shigo bai ci tuwo ba, ya ce wa Inna, "Duk faɗin duniyar nan Bashir kaɗai muka iya kora."

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Sabon mudarrib ya zo da ƙwallayensa a kwali daga wani kanti na Balad, cikin gari, masu santsi, marasa igiya. Sauran ƙungiyoyin unguwanni da suka saba aiko mana suka ga haka, su ma suka juya. Ƙirgin da Baba ya jiƙa ya miƙe don aikin shekara, muka yanka shi ƙasan takalma, abin da ko fatar wuya za ta yi. Na koma ɗinkin ɗamarar alhazai da facin salka. Sau da yawa abincin darenmu busasshen burodi ne da shayi. Ƙungiyar kuwa ba ta daina shan kashi ba. Kafin sanyi ya wuce na ji Hamza yana cewa wannan sabon ko dafa shayi bai iya ba, balle tsara wasa. Ba wanda ya sake kawo zancen ƙuri'a.

Attajirin ya bar Kabtin a sito har iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. A watannin nan bai sake taka fili ba. Da la'asar sai ya zo shago ya zauna yana goga wa Baba zare, in ihu ya taso daga wajen teku ya ɗan karkata kai, ya ci gaba da gugarsa.

Ranar tafiyarsa da hantsi ya zo sallama, da akwatin ƙarfe ɗaya. Suna tsaye da Baba a bakin shago sai ga Ma'azu da garwarsa. Tun ranar tsakuwa yake canja hanya in ya hango Kabtin. Wannan karon ya sauke garwar a ƙofarmu, ya matso, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ɗana," in ji shi, "ni ban taɓa ganin wasanka ba. Ban san ko ka iya ko ba ka iya ba."

"Ba ka yi asarar komai ba, Baba. Hamza ya ce ban iya ba."

"Bar zancen Hamza. Ni na kore ka, ni da 'yan'uwana. Ga shi wanda muka nufa yana can yana shan iska a Maraɗi."

Kabtin ya ce, "Baba, in tambaye ka, tsakaninka da Allah. Lokacin da ka sake ta, ka ji daɗi?"

Ma'azu ya duƙar da kai. "Wallahi na ji. Tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa tsayawa ya jira abin da zan ce."

"To halas," in ji Kabtin. "Ba ta tafi a banza ba." Ya juyo wajen labule. "Usta ƙarama, a riƙa sa kaki."

Na ce, "To, Kawu. Allah ya kiyaye hanya."

Ya sunkuya zai ɗauki akwatin, Ma'azu ya riga shi. Ya naɗe rawaninsa ya yi gammo, ya ce wa Baba ya ɗora masa. Kabtin ya ce akwai mota, Ma'azu ya ce motar ta yi gaba ta jira su a tasha. Na ɗaga gefen labule na bi su da ido ta ƙofar shago: tsohon a gaba da akwati a ka, dogon a baya hannu wofi, yana rage tafiya don kada ya wuce shi, har suka sha kwanar gahawa. Garwa biyu suna nan a ƙofarmu, ruwan cikinsu yana ɗaukar rana. Ranar gidajen layinmu ba su sami ruwa ba sai bayan la'asar, kuma ba wanda ya yi magana.